Yadda Barmini Mai Aski Ya Kawo Hunturu Cikin Bazara

Duk layin babu wanda bai san Barmini mai aski ba. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Rediyonka ne ya lalace, ko akuyarka ce ta ƙi kiwo, ko matarka ce ta yi fushi, kafin ka rufe baki ya ce, "Bar mini wannan." In tsautsayi ya sa ka bar masa, rediyon ya yi shiru ke nan har abada, akuyar sai a yi hanzarin kawo wuƙa, matar kuwa sai dai ka bi ta gidansu da manya.

Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne gabarsa da zafi. Da bazara ta kama, sai ka rantse dominsa kaɗai rana take fitowa. Tun da hantsi zai tsaya a bakin shago da tawul a wuya, ya ɗaga kai ya harari sama, ya ja tsaki.

"Wannan ba yanayi ba ne, cin mutunci ne," in ji shi ga Tela, maƙwabcinsa da bango ɗaya ya raba shagunansu. "Lokacin sanyi mutum yana da daraja. Ka sa riga, ka ɗora wata, ka sha shayinka da zafinsa, ka yi barci har da minshari. In ɗari ya yi yawa ka ƙara bargo. To zafi fa? Ka tuɓe riga, ka tuɓe singileti, sai me kuma? Fatarka za ka tuɓe?"

Tela bai ko ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba ya ce, "Ai dole ka ce haka, kai da ka zauna ƙasar ƙanƙara."

"Ka dai sani. Mu da muka ga sanyi ido da ido."

Ƙasar ƙanƙarar nan, in za a faɗi gaskiya, ɗakin ajiye kifi ne a bayan kasuwa, inda Barmini ya yi dako na kwana goma sha ɗaya lokacin yana saurayi. A rana ta goma sha biyu ya fita shan iska ya bar ƙofar ɗakin a buɗe, kifin mutane ya narke, aka raka shi da tsintsiya. Tun daga nan yake ɗaukar kansa masanin sanyi, alhali duk iliminsa bai wuce magana ɗaya ba, cewa sanyi ba ya son a bar masa ƙofa a buɗe.

Shagonsa kuwa tanda ce da aka yi wa ƙyaure. Rufin kwano, taga ɗaya, kujerar aski da ya gada daga mahaifinsa, benci, da madubin da gefensa ya fara cin tsatsa. Akwai 'yar fanka a kusurwa, sai dai ba a isa a ƙara mata ƙarfi ba, don da ta juya sosai gashin da aka aske zai tashi ya shiga idon mutane. Samari sun daɗe da daina zuwa. Abin da ya riƙe shagon, ya kuma riƙe tukunyar gidan Barmini, kawuna bakwai ne: tsohon Hedimasta da abokan hirarsa shida, da suke zuwa duk Asabar da rana a gyara musu furfura. Inda Hedimasta ya sa ƙafa nan suke sa tasu. Shekara ashirin da biyu ke nan babu hannun da ya taɓa kan Hedimasta, ko dogon gashin bakin nan nasa da yake ji da shi, sai na Barmini.

Ana nan ana nan, sai Auta, ƙanin matar Barmini, ya buɗe nasa shagon aski a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Gilashi har ƙasa, kujeru biyu masu juyawa, da esi mai hura sanyi tun safe har yamma. Duk wanda ya tura ƙofar ya fito, sai wani sanyi ya biyo ƙafarsa har bakin titi.

Ranar farko Auta ya leƙo ya ɗaga murya. "Yaya, in zufa ta ishe ka, ka tsallako ka sha iska. Ba na karɓar kuɗin zama."

"Kai tafi can. Wannan sanyin ƙarya ne, ciwon ƙashi yake sawa. Ni da na yi aiki da uban sanyi zan zo in zauna gaban jikansa?"

"To Allah ya ba da haƙuri, Yaya. Na ga dai ana gasa ka kyauta."

A Asabar ɗin da ta biyo baya, Hedimasta yana kan kujera, an ɗaura masa mayafin aski a wuya, zufa tana bin bayan kunnensa tana shiga riga. Ya dubi Barmini ta cikin madubi.

"Barmini, shekara nawa muke tare?"

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"To a shekaruna likita ya hana ni abubuwa da yawa, ciki har da dahuwa. Asabar mai zuwa in na tarar da shagon nan haka, zan ɗauki kaina in kai shi tsallake."

Tsofaffin shida da ke kan benci suka gyaɗa kai lokaci guda.

Maganar ta soki Barmini har zuciya. Ya san in Hedimasta ya tsallaka, sauran sun tsallaka, shago ya mutu. Ga kuma kunya, a ce ƙanin matarsa, wanda ya ga lokacin da yake yawo ba wando, shi ne zai raba shi da kan da ya fi kowane kai daraja a wurinsa. Tsoro ya kama shi sosai. Amma bakinsa ya riga hankalinsa, kamar kullum.

"Bar mini wannan, ranka ya daɗe. Asabar mai zuwa ku zo da rigunan sanyi. Wallahi in haƙoranku ba su haɗu ba, a canza mini suna."

Daga bayan bango aka ji muryar Tela. "Bari mu fara neman sabon sunan tun yanzu."

Ranar Litinin Barmini ya jiƙa buhuna ya rataye a taga da ƙofa, ya je gidan burodi ya aro wata ƙatuwar fanka mai tsayin mutum. Wanda tsautsayi ya fara jawowa wani direban tanka ne, baƙo, mai suma kamar bai taɓa jin labarin almakashi ba. Barmini ya zaunar da shi, ya fesa masa ruwa a fuska da wuya da hannuwa har ya jiƙe sharkaf, ya ce wannan hidima ce ta musamman. Ya aske sumar tas, ta taru a ƙasa tuli guda.

"Yanzu rufe ido ka ji hunturu," ya ce, ya danna fankar har ƙarshenta.

Gashin da ke ƙasa ya tashi gaba ɗaya, na direba da na duk wanda aka yi wa aski tun safe, ya zagaya shagon sau biyu, ya sauka a jiƙaƙƙiyar fuskar mai shi ya manne. Direba ya fito waje yana tofe-tofe, kai fes kamar ƙwarya, fuska kuwa daga goshi har haɓa baƙi ƙirin da gashi.

Tela ya dube shi sama da ƙasa. "Bawan Allah, aski ka zo ko dashe?"

Da ƙyar masu wucewa suka ɓamɓare hannun direba daga wuyan rigar Barmini. Shi kuwa da ya samu numfashi ya gyara tawul ya ce gwaji ne, kuma ya gano inda matsalar take.

"Zafin nan daga sama yake zuwa," ya ce wa Tela ranar Laraba. "To a sama za a tare shi."

Ya sa aka ɗora baƙin duro a kan rufin kwano, ya cika shi da ruwa tun da sassafe, ya huda gindinsa ya toshe da tsumma. Dabarar ita ce a bari sai rana ta kai tsakiyar fushinta, sannan a zare tsumman, ruwa ya bi kwano ya kashe mata kaifi. Abin da bai lissafa ba shi ne, baƙin duro a kan kwano tun safe har ƙarfe biyu tukunya ce a kan murhu. Bai kuma tsaya ya duba ta ina rufin ya karkata ba.

Ƙarfe biyu ya hau tsani ya zare tsumma. Ruwan ya gangara ta ɓangaren Tela, ya sami wata tsohuwar huda, ya zuba a ƙeyar Tela da kan farin yadin da yake ɗinka wa wani ango. Tela ya yi tsalle ya fito titi yana rawar da bai taɓa koya ba.

"Ka dafa ni! Wallahi ka dafa ni, Barmini!"

"Haba, maƙwabci, ruwa ne fa kawai."

"Ruwa? Kawo ganyen shayi ka zuba a wuyana ka gani!"

Auta ya fito bakin gilashinsa yana riƙe da ciki. "Yaya, ruwan wanka kake sayarwa yanzu? A ajiye mini bokiti biyu in sanyi ya zo."

Sauran ruwan ya bi bango ya jiƙa ƙyauren shagon Barmini. Katakon ya sha ya kumbura, daga ranar sai an sa kafaɗa yake rufuwa.

Juma'a da yamma Barmini ya koma gida jiki a sanyaye, sai dai sanyin jikin ma na magana ne kawai. Saura kwana ɗaya, ba shi da komai a hannu. Matarsa sana'ar ƙanƙara take yi, tana da firiza babba a tsakar gida wadda ta saya da gumin hannunta, kuma ta fi kula da ita fiye da yadda take kula da shi. Ya ɗaga murfin ya cusa kansa ciki, kamar yadda ya saba in ba ta kallo.

"Baban yara, rufe mini firiza. Kana narkar mini da sana'a."

Bai fito ba. Sanyi yana shafa masa kunnuwa, sai wani tunani ya faɗo masa. Ya ɗago a hankali, idanu na ƙyalli.

"Ashe maganin yana cikin gidana ina yawon nema."

Ta ajiye ledar da take ƙullawa. "Na san wannan kallon. Da shi ka kalli injin markaɗena, yau shekara uku yana ƙarƙashin gado. Kada ka kuskura."

"Ni na ce wani abu?"

"Ba sai ka ce ba."

Asabar da sassafe ta tafi dubiyar yayarta. Ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba Barmini ya kira masu kura suka ɗauki firizar da ƙanƙarar da ke ciki. Ya biya wurin mai kifi ya aro wata tsohuwar firiza da aka daɗe da jingine ta. Ya lallaɓi mai kantin lemo ya ba shi firjinsa na rabin yini. Duka ukun ya jera su cikin shagon, ya jona, ya wangale bakunansu. Sannan ya tuna darasinsa na ɗakin kifi. Ya buga bargo a taga da ƙusa, ya ɗora kwali, ya bi duk wata kafa da iska za ta iya bi ya cusa tsumma. A bakin ƙofa ya kafa allo da manyan baƙaƙe: AN KAWO HUNTURU. BA A SHIGA SAI DA RIGAR SANYI.

Shi da kansa ya sa suwaita, ya ɗora wani ƙaton kwat na gwanjo mai kai wa gwiwa, ya ja hular sanyi har kunne, ya sa safa biyu. Kamar da gayya, ranar masu wuta ba su ɗauke ta ko na minti ɗaya ba.

Kafin ƙarfe ɗaya layin ya cika da 'yan kallo. Tsofaffi suka iso a jere bayan Hedimasta, kowa da rigar sanyin da aka tono daga ƙasan akwati, suna warin kafur. Tela ma ya aro suwaita ya biyo su, wuya shafe da magani, ya ce ko mutuwa za a yi sai ya ga ƙarshen wasan nan. Suka shiga su tara har da mai shagon. Barmini ya sa kafaɗa ya danna ƙyauren har ya yi ƙara, ya toshe ƙasansa da tsumma.

Hedimasta ya dubi firjin, ya leƙa bayansa, ya dubi tagar da aka toshe. Ya cire tabarau ya goge.

"Barmini, shekara talatin na yi ina koyar da kimiyya. Firji ba ya haifar da sanyi. Zafin cikinsa yake kwasa ya zubar ta baya. In bayan nasa yana cikin ɗakin nan, ka kuma toshe ko'ina, ina zafin zai tafi?"

Barmini ya yi murmushin tausayi. "Ranka ya daɗe, wannan na littafi ne. Ku a allo kuka ga sanyi, ni a kafaɗa na ɗauke shi. Zauna kawai."

Hedimasta ya zauna, aka ɗaura masa mayafi a kan suwaita.

Gaskiya ɗaya ce, minti goman farko abin ya yi kyau. Wani farin tururi ya riƙa fitowa daga firizar matarsa yana bin ƙafafun mutane. Wani tsoho ya ce, "Kai, kai, kai!" Wani ya murza hannuwa. Barmini ya kumbura har kwat ya yi masa kaɗan. Ya je jikin ƙyaure ya ƙwala kira.

"Auta! Ka kashe abin wasan nan naka ka zo ka ga aikin manya!"

Ya dawo ya kunna injin aski yana fito.

Sai injinan uku suka fara gurnani. An bar musu baki a buɗe, sun rasa ranar hutu, suka dage suna aiki ba tsayawa, bayansu yana fitar da huci. Kwano yana saukar da nasa daga sama. Mutum tara suna numfashi cikin ulu. Tsohon da ke ƙarshen benci ya jingina da bayan firji, ya zabura ya miƙe yana shafa kafaɗa.

"Barmini, abin nan cizo yake yi."

"Alamar lafiya ce, Baba. Yana aiki ke nan."

Tururin ya ɗauke. Ƙanƙara ta fara sakin jiki, ruwa ya biyo ƙasan firiza ya malale a daɓe, ya haɗu da gashi. Tsohuwar firizar mai kifi kuwa, da ta ji ɗumi, sai ta fara tuno duk kifin da ya taɓa kwana a cikinta. Warin ya tashi a hankali ya zauna a maƙogwaron kowa.

Babu wanda ya so ya fara tuɓe riga, don kada a ce shi ne rago. Suka zauna suna kallon juna, fuskoki suna sheƙi. Tela ya sa yatsa ya sharce goshi ya yarfar.

"Maigida, wannan fa?"

"Raɓa ce," in ji Barmini. "Sanyi in ya yi ƙarfi da raɓa yake farawa."

"Raɓa mai gishiri?"

"Ka yi mini shiru, kana korar sanyin da surutu."

Wani tsoho ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗana, ko za a ɗan buɗe taga?"

"A buɗe? Baba, so kake ya gudu? Ku ƙara haƙuri, yanzu zai kama."

Shi kansa a lokacin ji yake kamar an rufe shi cikin buhun gawayi mai ci. Safarsa ta jiƙe, hular ta yi nauyi, zufa tana gangarowa ta gira tana shiga ido. Madubi ya yi gumi har ba a ganin komai. Zuciyarsa ta gaya masa cewa Hedimasta ya yi gaskiya, amma ya ƙudura gara ya narke da ya faɗa. Ya gama da kai, ya zagayo gaba don ya daidaita gashin baki, aikin da ya fi alfahari da shi. Ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya saboda zufa, ya matsa ƙafa. Safa biyu a kan jiƙaƙƙen daɓe ba su san amana ba. Ƙafar ta zame, hannu ya tafi, inji ya yi "zuuu".

Barmini ya yi sauri ya kashe injin.

Hedimasta ya fito da hannu daga mayafi, ya goge madubi da hannun suwaita, ya daɗe yana kallon kansa.

"Barmini."

"Ranka ya daɗe."

"Ina rabin gashin bakina?"

Tela ya nuna ƙasa. "Ga shi can yana iyo."

Nan haƙurin kowa ya ƙare. Tsofaffi suka yi kan ƙofa, masu sanda da marasa sanda. Aka ja, ƙyaure ya ce bai san zancen ba. Aka sake ja, mariƙin ya fito a hannun Tela. Katakon da ya sha ruwa ranar Laraba ya ƙara kumbura da ɗumi, ya cije.

Daidai nan aka fara dukan ƙofar daga waje. Matar Barmini ce. Ta dawo ta tarar da gurbin firiza a tsakar gida, ba ta ko ajiye jaka ba ta biyo sawun kura.

"Baban yara! Buɗe ƙofar nan!"

"Ba ta buɗuwa!"

"Ƙarya kake! Buɗe ka fuskance ni!"

Tela ya manna baki a jikin katako. "Baiwar Allah, wallahi yau gaskiya ya faɗa! Ki nemo maza, mun kusa nuna!"

Auta ne ya zo da wasu majiya ƙarfi. Suka ja da baya, suka haɗa kafaɗa, a karo na uku ƙyauren ya faɗi ciki. Wani huci mai warin kifi ya fito ya daki 'yan kallo, layin gaba suka ja baya suna toshe hanci. Ruwa ya biyo baya ɗauke da gashi da ledojin ƙanƙara da suka zama ruwan ɗumi.

Tsofaffi suka fito ɗaya bayan ɗaya cikin rigunan sanyi, suna ɗiga. Ƙarfe biyu ne na rana, ranar da ko kare ba ya yarda ya taka titi. Amma tsohon farko da ya fito ya buɗe hannuwa a tsakiyarta ya ɗaga fuska.

"Alhamdu lillahi! Iska! Kai, yau garin da sanyi."

Hedimasta ya fito da mayafi a wuya, hannu a kan baki. Na ƙarshe Barmini ne, kwat da hula ba abin da ya cire. Ya tsaya a kan faɗaɗɗen ƙyaurensa, ya dubi taron, ya dubi matarsa, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. 'Yar matsala ce ta saiti, in aka ƙara firji ɗaya..."

Bai ƙarasa ba idanunsa suka juya, ya tafi luu, ya zube.

Abin da ya fara ji da ya farfaɗo sanyi ne. Sanyi na gaske, mai ratsa ƙashi, yana sauka a goshinsa yana bin wuyansa. Daɗi ya kama shi har ya kusa hawaye. Bai buɗe ido ba ya yi murmushi, ya ɗaga hannu.

"Kun ji ko? Kun ji abin da nake gaya muku? Na ce ku ƙara haƙuri zai kama! Ina Hedimasta da littafinsa? A kira mini Auta ya zo ya koyi aiki!"

Dariyar da ta tashi har gilashi sai da ya amsa. Barmini ya buɗe ido. Madubin da ke gabansa ba shi da tsatsa. Kujerar da aka kwantar da shi mai juyawa ce. A saman kansa esin Auta ne yake hurawa. Tsofaffi shida suna jere a kan kujerun jira, sun gyara zaman rigunan sanyinsu, rigunan sun sami inda za su yi amfani. A bayan gilashi rabin layin ne suka manna fuska. Matarsa tana tsaye a kansa da kofin ruwa, kuma daga ganin yadda ta riƙe shi ba ta gama yanke shawarar ba shi za ta yi ko watsa masa ba.

"Ga ni, Yaya," in ji Auta daga kujera ta biyu. "Ina koyo."

A kujerar nan Hedimasta ne zaune, Auta yana sauke masa ragowar rabin gashin bakin. Barmini ya ga reza tana bin leɓen da shekara ashirin da biyu babu wanda ya taɓa sai shi. Wannan ya fi masa dariyar mutane ciwo.

"Ranka ya daɗe," ya ce da 'yar murya, "ka tsallako ke nan."

Hedimasta ya jira Auta ya ɗaga reza, sannan ya juyo. Ba gashin baki, fuskarsa ta zama ta wani mutum dabam, amma muryar tasa ce.

"Ni ban tsallako ba, Barmini. Kai muka rako. Tun ranar Talata na gaya wa mutanen nan cewa maganar da na yi maka zafi ne ya sa ni, ba inda za mu. Na ce mutum ba ya barin wanzaminsa na shekara ashirin da biyu saboda zufa, saura 'yan makonni ruwa ya sauka. Da ka bar mana shagon da zafinsa, da yanzu muna can muna mita."

Tsohon da firji ya ciza ya gyara zama ya lumshe ido. "Amma fa yanzu da muka ɗanɗana..."

Sauran biyar suka gyaɗa kai lokaci guda. Hedimasta bai ce musu a'a ba, ya mayar da kansa jikin kujera, Auta ya ci gaba da aiki.

Barmini ya juya ya dubi tsallaken titi. Ƙyaurensa yana kwance, ruwa yana fita, mai kifi da mai kantin lemo suna tsaye a kai suna nuna shagon Auta da hannu.

"Tashi," in ji matarsa. "Tashi ka mayar mini da firiza, in tana da sauran rai. Ga mutane can ma suna jiran ka."

Ya dubi ranar da ke waje, ya dubi masu jiran nasa. Ya ja kwat ya rufe ƙirji, ya mayar da kai, ya rufe ido.

"Ku ɗan ba ni lokaci," ya ce. "Jirin bai sake ni ba."